Yadda Aka Raba Tashi-Mu-Je da Muryar Matarsa

Ƙarfe tara da kwata na safe, ranar Talata, aka yanke wa Yaya Mamman beli a zauren gidansa da ke Tanut. Mutum biyar ne a wurin: shi kansa, da yayarsa Tabawa, da wanzamin da ta ɗauko daga wajen Gangara, da maƙwabta biyu da suka riƙe masa hannuwa. Ni ne na shida, kuma na iso bayan an gama. Na tarar da shi sunkuye a kan kasko, jini na zuba daga bakinsa, wanzami yana goge askarsa yana cewa, "An fitar da mugun abu. Jibi ma waƙa zai yi." Na duba agogona, don na san wata rana za a yi musu.

Sunana Lawali. Aikina shi ne awon hatsi a ƙungiyar manoma har na ajiye, kuma karatuna bai wuce aji shida na lakol, wato makarantar boko, ba. Na saba da a faɗi abu bi da bi, na farko kafin na biyu, to haka zan faɗi wannan. Mamman mijin yayata ne, marigayiya Hajo. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa.

Wanda ya girma a Damargu ya san su, ko bai san sunayensu na yanka ba. Shi ne Tashi-Mu-Je, ita ce Zauna-Tukuna. Wasansu ɗaya ne, sun yi shekara kusan talatin suna juya shi a kasuwanni da gidajen biki, daga Falanko har Tarka, bai gundiri kowa ba. Miji ne ya ɗaure kayansa zai tafi cin rani, yau Libiya, gobe Kano, jibi wani gari da shi kaɗai ya san sunansa. Matar tana zaune tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗagawa, sai ta ce, "Zauna tukuna, maigida. Wa zai ɗaure mana jakin?" Ya ɗaure jaki. "Zauna tukuna, rumbu na yoyo." Haka har rana ta faɗi, mota ta tashi, ya kwance kaya ya ci tuwon da ya rantse ba zai ƙara ci ba. Ba maganar ce ke kashe mutane da dariya ba, muryar ce. Siririya ce, a hankali take fita, kuma a tsakiyar "tukuna" tana ɗan karyewa kamar ta mai shirin hamma.

Hajo ta bar fili lokacin da gwiwoyinta suka ƙi, tun kafin wayoyi masu ɗaukar hoto su cika kasuwa. Ku riƙe wannan, yana da muhimmanci. Ta daɗe a gida yana yi mata hidima da hannunsa, sannan ta rasu shekara shida da suka wuce. Allah ya ji ƙanta. Allah bai bar musu ɗa ba. An yi ta kawo masa maganar zawarawa, sai ya ce, "Bari in nemi izini." Ya juya fuska hagu, ya amsa wa kansa da muryarta, "Zauna tukuna." A yi dariya, magana ta mutu.

Daga nan ya koma fili shi kaɗai. Yakan rataya mayafinta a kafaɗar hagu, ya yi nasa, ya juya ya yi nata. Na ga tsofaffin mata a kasuwar Tarka, garinmu na haihuwa, suna dariya suna share hawaye. A gida ma bai bari ba. Bayan la'asar yakan dafa shayi, ya zuba kofi biyu, su yi ta hira a kan tsadar sukari da rashin kunyar akuyar maƙwabta. Ni ba mutumin dariya ba ne, kowa ya shaida. Amma nakan jawo tabarmata jikin katangar. Yayata ce, ita ta goye ni.

Sati na farko na ciwon. Bayan an gama shigar da hatsi rumbu, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Lawali, yayarka ta yi yaji. Tun safe nake kiranta ta ƙi fitowa." Ya gwada a gabana. Tasa muryar tana nan, ta ɗan dishe kawai. Da ya hau sama zai yi tata, sai iska. Na ce mura ce. Mutum ne da ke ajiye taba da kanwa a kunci tun yana saurayi, ga sigari in ya samu, ga ihu a kasuwa shekara da shekaru. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Sati na biyu da na uku. Zuma da citta. Kanumfari. Man shanu a kunu mai zafi. Matata Rabi ta dafa masa ganyen da ta sani da wanda aka gaya mata. Babu zazzaɓi, babu ciwon a zo a gani, sai kakari da safe da ɗan zafi da ke harbawa zuwa kunne. Na ce a je asibiti. Ya ce, "In ce musu me? Matata ta ƙi magana?"

Sati na huɗu Tabawa ta zo daga ƙauye ta tare a gidan. Ita ce babbarsu, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma ba ya ɗaga mata ido. Kwana ɗaya ta yi ta yanke hukunci. Ina jin ta ta kan katanga: "Mamaci ba ya son a riƙa tashinsa kullum. Shekara shida kana jawo baiwar Allah daga makwancinta kana tara mata jama'a. Ta gaji, ta zo ta riƙe maka wuya." Ta je wurin wani mai duba, ya ce mata a raba shi da duk abin da ke ɗauke da muryar marigayiya. Na ce mai duba, ban ce malami ba. Limaminmu da labari ya kai masa ya ce wannan ba ya cikin addini, amma lokacin aikin gama ya gama.

Kaset uku yake da su na wasansu, yana ajiye da su cikin kwallar Hajo. Ranar Juma'a muna masallaci Tabawa ta kwashe su, ta haɗa da mayafin, ta cinna musu wuta bayan turken awaki. Rabi ta ji ƙaurin, ta ɗauka yara ne ke ƙona leda.

Da muka dawo bai yi faɗa ba. Ya tsuguna yana tona tokar da tsinke, yana fitar da 'yan ƙananan kusoshin kaset yana jerawa a tafin hannu. Ya ce, "Yaya, ke kika goye ni. Ba ni da bakin da zan ce miki komai." Sannan ya dafa maƙogwaronsa ya ce, "Ba komai. Tana nan."

Ni na yi faɗan. Na ce mata an zalunci mai rai an zalunci mamaci, kuma wannan mutum asibiti yake buƙata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai a su wa? Igiyar da ta ɗaure ka da gidan nan an binne ta." Har yau wannan magana ba ta bar ni ba.

Sati na biyar aka yi abin da na buɗe labarin da shi. Ƙona kaya bai dawo da murya ba, sai maƙwabta suka ce ai beli ne ya sauko, wato ɗan naman nan da ke reto can cikin baki. An zaɓi safiyar da na tafi kasuwar dabbobi. Daga baya na tambaye shi me ya sa ya yarda, dattijo mai hankali kamarsa. Ya ce, "An ce mini jibi za ta dawo." Ko kunnensa aka ce za a yanke da wannan alkawari, da ya miƙa.

Jibin ya zo da zazzaɓi. Wuya ya kumbura, miyau ma ba ya wucewa, baki yana wari. Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗauko amalanken jaki na ɗora shi, Tabawa tana biye da mu tana kuka. A asibiti majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya haska bakin da tocila ya juyo kaina: "Baba, da furfurarka ka bari aka yi wannan?" An yi masa ƙarin ruwa da allurai, muka kwana huɗu, magani ya ci jika goma sha takwas na sefa. Ciwon yankan ya lafa, murya ba ta motsa ba. Ina gode wa wannan majo duk da faɗansa, don shi ne mutum na farko da ya tambayi yaushe abin ya soma. Da na lissafa masa, ya ajiye biro ya ce, "Dishewar murya in ta wuce sati uku ba a kiranta mura sai an leƙa an gani." Ya rubuta mana takardar zuwa Damagaram, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Sati na bakwai da na takwas sun tafi a banza, kuma ga dalili. Wani ɗan kasuwa a Belbeji yana aurar da ɗansa, ya riga ya gaya wa baƙinsa Tashi-Mu-Je zai zo. Ya aiko da mota. Na fita na ce wa ɗan aiken, mutumin nan da ƙyar yake haɗiye kunu. Ya kira maigidansa a waya ya ba ni. Na ji ana cewa, "Haba malam, ai ko tsayawa ya yi kawai za a yi dariya." Mamman bai taɓa iya cewa a'a ga mai biki ba. Na bi shi. Ya ari gyalen wata mata ya rataya, ya yi nasa ɓangaren da ƙyar, ya juya hagu, ya buɗe baki. Wani sauti ya fito kamar fito. Samari suka fashe da dariya, wayoyi a sama, suna cewa tsoho ya kawo sabon salo. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi, aka ƙara shewa. Ya dube su ya yi murmushi, ya ƙarasa wasan da hannu da ido. A hanyar dawowa ya jingina kai da gilashi, bai dube ni ba. Kwana goma ya yi kwance bayan wannan. Mai bikin bai aiko ko da gaisuwa ba.

Sati na tara muka tafi Damagaram. Direban motar, mutumin Belbeji, ya gane shi ya ƙi karɓar kuɗinsa, ya sa shi a gaba. Allah ya saka masa. A can muka tarar da layi daga kowace kusurwa, likitan kuma shi kaɗai ne. Mun kwana biyu gindin bishiyar maina a bakin asibiti kafin a kira mu. Wani Buzu da ya kawo mahaifiyarsa ya raba bargonsa da mu, yana jiƙa wa Mamman cuku a ruwan zafi har ya yi laushi. Ban san sunansa ba. Likita ya zura wani siririn bututu mai fitila ta hanci, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce sai an gutsuro ɗan nama an aika Yamai a duba. Aka yi. Na sayar da ragona na layya, Tabawa ta sayar da awakinta biyu ba tare da an roƙe ta ba, ta kawo kuɗin ƙulle a bakin zane ta ajiye a gabana. Na rubuta wannan ma, don gaskiya ba ta da ɓangare.

Sakamako ya kai kusan wata kafin ya dawo. A cikin watan numfashinsa ya soma ƙara in ya yi tafiya kaɗan.

Sati na goma sha huɗu likita ya zaunar da mu. Ya ce "kanser", sannan ya fassara: ciwon daji ne a gidan murya. Ya ce da a watan farko aka zo, akwai hanyar da za a bi a bar masa muryar. Yanzu ya girma, yana toshe hanyar iska, sai an cire gidan muryar gaba ɗaya a buɗe masa kafa a wuya ya riƙa numfashi ta nan. Ya ce, "Baba, ko murya ko rai. Biyun ba za su zauna tare ba."

Mamman ya yi raɗa, don raɗa kawai ta rage masa: "Wacce za ku cire?"

Likita bai gane ba. Ya ce gidan murya ai ɗaya ne.

Ya ce, "Mu biyu ne a ciki."

Na yi wa likita bayani a taƙaice. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce mu je mu yi shawara, amma kada shawarar ta yi tsawo. A waje Mamman ya ce mini, "Na binne ta sau ɗaya, Lawali. Ba zan biya kuɗi a sake binne ta ba." Muka dawo gida.

Sati na goma sha biyar da na goma sha shida na shiga neman kaset, don na ga nan ne kaɗai ƙofa. Na je gidan radiyon da ya sha sa wasansu a da. Wani matashi ya ce tun da suka koma aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa aka tara tsofaffin kaset a wani ɗaki, ruwa ya shiga, gara ta ƙarasa. Ya faɗa yana danna waya, kamar tsofaffin takalma na zo tambaya. Na je wurin mai sayar da kaset na bakin tasha, na tarar caja da batir yake sayarwa, ya ce buhu biyu ya bai wa yara suka warware suka yi ta wasa da zaren a iska. Shekara talatin mutanen nan suna ba ƙasar nan dariya, a shekarar fari da ta yalwa, amma ba a sami mutum ɗaya da ya ga ya kamata a adana ba.

A wayoyin samari na sami guntaye na wasan da ya yi shi kaɗai bayan rasuwarta, rabinsu dariyar mai ɗauka ta rufe komai. Na kai masa mafi kyau. Ya saurara, ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Wannan ni ne. In ina yi, daga ciki nake jin ta. Daga waje wani tsoho ne kawai ke maƙale murya."

Wata safiya bayan ya sha kunu, lokacin da wuyan ya fi sakewa, ya ce in kunna wayata in ɗauka, ko za ta fito sau ɗaya. Rabi ta ba shi mayafinta. Ya gyara zama, ya juya hagu, ya ja numfashi. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Abin da ya fito shi ne "Zau", sai tari, sai jini a bakin mayafin. Rabi ta shige ɗaki. Ban goge ba, yana nan cikin wayar.

Sati na goma sha bakwai ya daina iya kwanciya, a zaune yake barci jikin bango. Direban nan na Belbeji ya zo dubiya, ya ce shi kam ya taɓa jin wasansu a cikin wata tsohuwar babbar mota da ke hawa arewa, ba a fi shekara biyu ba, kuma muryar mace ce ta gaske. Bai san mai motar ba. Na ga idon Mamman ya tashi. Da baƙo ya tafi na zauna gabansa, Tabawa tana bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, zan yi magana uku. Ta farko, muryar da kake karewa ta riga ta tafi, ciwo ya cinye ta, ka ji da kunnenka. Ta biyu, in kaset ɗaya ya rage a duniya, mai rai ne zai saurare shi. Ta uku, gaggawar binta kake yi, kuma ka san abin da za ta ce maka."

Ya ɗaga gira, wai me za ta ce.

Ban taɓa yin wasa ba a rayuwata. Na ce, da wannan murya tawa ta mai kiran lambar buhu, "Zauna tukuna."

Kafaɗunsa suka soma rawa. Na ɗauka shaƙewa ce, na miƙe, ashe dariya yake yi. Ya jawo ni ya raɗa mini a kunne, "Kai Lawali, ko jakin gidanku ya fi ka iya ta." Da ya huta ya ce, "Za ka nemo?" Na ce zan nemo. Ya ce, "Faɗi a gaban Yaya." Na faɗa a gaban Tabawa, na kama sunan Allah. Ya ce to a nemi mota.

Sati na goma sha tara aka yi aikin a Yamai. Na sayar da hatsin da na ware na shekara, 'yan unguwa suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, wasu matan Tarka suka aiko da abin da suka tara. Wani ɗan Damargu mai shago a can ya ba mu ɗakin ajiyar kayansa muka zauna wata biyu da 'yan kai, saboda bayan aikin sai da aka yi ta haska wurin da na'ura. Kafin a shiga da shi, maganar ƙarshe da ya yi da bakinsa ga ma'aikaciyar da ke tura gadon ce. Ya ce, "'Yata, a hankali, akwai mace a cikin motar."

Yanzu muna gida. Ga yadda jinyar take, ga wanda Allah zai jarraba. Akwai kafa a ƙasan wuyansa da ɗan bututu da suke kira kanil. Safe da yamma ina cire na cikin in wanke da tafasasshen ruwa. Ana rufe kafar da tsumma mai tsabta saboda ƙura da ƙuda. Ba ya sheƙa ruwa a ka yadda ya saba, don in ruwan ya shiga kafar, huhu zai nufa. Ba ya jin ƙanshi sosai. Ba ya iya hura shayi, sai ya juya shi tsakanin kofi biyu har ya huce. Tabawa ce ke wanke tsummokin, ta hana kowa taɓawa. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, amma ba ta ƙara bi ta bayan turken awaki ba, zagayawa take yi. Wanzamin kuwa na gan shi a kasuwa da zabirarsa, wata mata tana miƙa masa jariri.

Masu dubiya suna zuwa, kuma har yanzu wasu sukan ce, "Tashi-Mu-Je, ɗan yi mana wani abu mana." Yakan yi musu da fuska da hannu, su yi dariya su tafi. Bayan la'asar yana dafa shayinsa, yana zuba kofi biyu. Ina zaune jikin katanga, ba na jin komai sai ƙarar kofi. Kowace safiya in na gama wanke kanil, yakan ɗaga yatsa ya juya shi a iska, yadda ake juya kaset da biro. Nakan ce, "Ana nema." Na je Gangara, na je Falanko, na je Tarka sau biyu. An ba ni kaset biyar. Huɗu wa'azi ne da kiɗa. Na biyar an rubuta sunansu a jiki, muka aro radiyo, muka taru, ya sa hularsa. Ashe an ɗora sanarwar wani biki a kai tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara har ya ƙare, ko za a sami ɗan abin da ya rage a wutsiya. Ba a samu ba.

Likita ya ce mu riƙa dawowa ana dubawa. Bai yi mana alkawarin shekaru ba, ni ma ban tambaya ba.

Saboda haka ga roƙona. Wanda muryarsa ko ta wani nasa ta dishe ta wuce sati uku, ya tafi asibiti a leƙa, kada ya bari a sa masa aska a baki. Wanda ya ga wani yana riƙe da abin mamacinsa, ya bar masa, ba ka san abin da ke tsayar da shi da ƙafafunsa ba.

Sai babban roƙon, wanda dominsa na zauna na rubuta wannan duka. Ku direbobin arewa, ku masu shayi, ku matan da aka kai ku ɗaki da radiyo mai kaset, ku 'yan cin rani da kuka tafi da muryar gida cikin jaka: ku buɗe tsofaffin akwatunanku da adakar iyayenku. In kun ga kaset da ba ku san abin da ke ciki ba, kada ku jefar. In an rubuta Tashi-Mu-Je ko Zauna-Tukuna a jiki, kada ku sa shi a tsohuwar radiyo ta tauna zaren, kada ku buɗe shi ku ce za ku gyara. Ko ya tsinke, ko ya narke ta gefe ɗaya, ku naɗe shi a tsumma ku ba direban da ke zuwa Tanut, ku ce a kai gidan Tashi-Mu-Je, duk wanda aka tambaya a tasha zai nuna. Ba wasan duka muke nema ba. Minti ɗaya na muryarta ya isa. Ku duba yau, kada ku bari sai an gama aikin gona, kunnensa yana nan lafiya yanzu.